Kyamarar da Ke Mutuwa Lokacin Salla

Ranar Talata da hantsi aka zo raba wa manoma irin gyaɗa a siton ƙungiyarsu da ke Ajingi. Ana ɗage layin buhunan gaba sai aka tarar bayansu wayam. Ta gaba tari ya kusa taɓa rufi, ta baya kuwa sai ka shimfiɗa tabarma ka miƙe. Ga ruwa ya sauka tun Lahadi, kowa ya gyara gonarsa iri kawai yake jira. Kafin azahar magana ta kai Gaya, kafin la'asar ta iso ni har Kademi, da sunan ɗana a cikinta.

Ni ne Gwadabe mai bin sawu. Na shekara arba'in ina bin shanun sata da awakin da suka yi ɓatan kai, ƙasa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, mutane kuwa ba iyaka. Yanzu ni kaɗai ne a gida, ni da rediyo. Tun da Hussaina ta rasu shekara uku ke nan, ɗanmu Da'u bai sake taka ƙofata ba. Laifin bakina ne. Ran da ta cika yana Kano a kan wani dogon ƙarfe yana ɗaura waya, ya iso an riga an kai ta makwanci, ni kuma a gaban masu zaman makoki na ce masa ya koma wayar ta zame masa uwa. Ya buɗe shago a Ajingi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba, amma sai ka ce Gabas ya tafi.

Laraba da sassafe na ɗauki sandata na hau ɗan acaɓa.

*

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Muhammad Bashir, bai ma bari na zauna ba.

"Malam Gwadabe, ba bin sawu na kira ka ba, mun san ɓarawonmu. Ɗanka ne ya saka mana kyamarori. Ta bayan sito, wadda ke kallon ƙaramar ƙofa, kullum sai ta mutu daidai lokacin da muka tashi salla, ta yi minti biyar ko shida ta dawo. Sauran lafiya lau. Wa ke da lambar sirrin na'urar? Shi kaɗai. Daga wayarsa yake kashe ta."

"Ka gan shi yana kashewa, Alhaji?"

"Ai ba a gani, abin zamani ne. Albarkacinka ya sa na haƙura. Ka ja masa kunne ya fito da iri. In aka idar da la'asar bai yi magana ba, wallahi 'yan sanda zan miƙa wa shi."

Tun jiya suka ƙwace masa waya, 'yan sintiri suka kulle shi a ɗakin ajiye garma. Na'urorin ma Alhaji ya sa an zare su daga wuta gaba ɗaya, wai kada a goge shaida daga nesa. Manoma sun cika harabar, kowa ya ga na gifta sai ya sauke murya. Mutanen da na taɓa dawo wa da shanunsu, yau gaisuwa ma da gefen baki suke yi mini.

Na same shi zaune a kan buhun taki. Ya rame, gemu ya fito masa, kuma goshin nan na uwarsa ne sak. Zuciyata ta karye, amma ban nuna ba.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Kai ne?"

"Ba ni ba ne."

"To me ke kashe ta?"

"Da sun bar ni na taɓa suwic ɗin, da minti goma ya ishe ni in sani."

"Yi mini Hausa."

Ya ja numfashi. "Wani ɗan akwati ne a ofis mai ramuka takwas. Kowace kyamara kebul ɗaya gare ta, ya taho daga ramin akwatin. Ta cikinsa hoto ke tafiya, ta cikinsa kuma wuta ke zuwa mata. Shi ake kira PoE. Kyamarar ba ta da wata wuta tata, akwatin ke ciyar da ita. In ya hana ta, ta mutu."

"Me zai sa ya hana ta?"

"Ko a umarce shi, ko wutar ta yi masa kaɗan. Amma na auna komai kafin in tafi, har da saura. Wata biyu rabona da wurin nan."

Na tsaya ko zai ƙara wani abu, ko ya tambayi gida. Ya maida idonsa kan garma. Na fita.

*

Tsakanin bayan sito da katanga akwai wani siririn lungu. Allah ya taimake ni, masu neman ɓarawo duk a gaba suka yi ta turmutsutsu, ba wanda ya tattake nan. Ruwan Lahadi ya jiƙa ƙasar, ta bushe da abin da aka rubuta mata ranar Litinin.

Mutum ɗaya ne. Daga ƙaramar ƙofa zuwa katanga taku goma sha ɗaya, sawun ya nutse, kafaɗar dama ce ke ɗauke da kaya. Dawowa taku takwas, sama-sama, yana sauri. A kan katangar ga gogar buhu, a bayanta kuma wani kango, da sawun tayar babur da ta zo ta kwashe. Takalmin sau-ciki ne, amma dunduniyar tana jan ƙasa kamar silifa. Mai shi ya take bayan takalmin, irin yadda mutum ke yi in ya yi alwala yana hanzarin masallaci. Na karyi kara na auna tsawo, na yi masa tsaga.

Na fara da mai gadi, don mutane sun ce in ba Da'u ba to shi ne abokin cin mushensa. Kabo sunansa, wani dogo mai jajayen idanu.

"Ina kake lokacin salla?"

"Sahun farko, Baba, bayan liman. Tambayi kowa."

"Makullin ƙaramar ƙofa fa?"

"Yana rataye a ƙusa a ofis. Kowa na iya ɗauka."

Yana magana ina kallon ƙafarsa. Tafkekiya ce, kamar faranti, ga kaushi, da takalmin taya. Kabo ko sau-ciki aka ba shi kyauta sai dai ya rataya a wuya. Na bar shi.

*

A ofis na sami Wasila, sakatariyar ƙungiya. Ita ma ana ta yi da ita, wai maza suna tafiya masallaci ita ke zama da allon kyamarori da makulli. Idonta ya kumbura don kuka.

"'Yata, ke kina ina in an kira salla?"

"Da na ga Malam Inuwa ladan ya shigo nake ɗaukar hijabina in tafi gidan Iya Hansai mai abinci, can nake salla. Ban taɓa ganin ta mutu ba, Baba. Sai jiya da Alhaji ya ce in duba hotunan baya."

"Kin rubuta?"

Ta jawo takarda. Ni ba na karatun boko, na ce ta karanta mini a hankali, rana bi rana, kamar yadda nake bin taku.

Ta fara. Litinin, ɗaya da rabi, sai huɗu saura kwata. Talata haka. Laraba haka. Alhamis haka. Sai ta tsallaka zuwa Asabar.

"Dakata. Ina Juma'a?"

"Juma'a sau ɗaya ce, da la'asar. Da rana ba ta mutu ba."

"Juma'ar gaba fa?"

Ta duba. "Ita ma haka. Duk Juma'o'in haka suke."

Na dafa sandata. Ranar Juma'a da rana duk wanda ke harabar nan yana babban masallaci, har Kabo, sama da awa guda ba kowa. Ɓarawon da zai iya kashe kyamara duk sanda ya ga dama, ya bar wannan garaɓasa, ya zaɓi minti biyar a ranar da mutane ke alwala taku talatin daga gare shi? Haba! Ko ɓarawon kaji ya fi haka hankali.

"Ci gaba. Akwai wadda ta fita daban?"

"Akwai guda. Wata Alhamis, ƙarfe goma na safe."

"Me ya faru ran nan?"

Ta sake duba takardar. "Ran nan ne aka yi rasuwa a Balan, ƙanin Alhaji. Malam Inuwa ya yi sanarwa a lasifika."

"Ina yake tsayawa in zai yi?"

Ta nuna mini. Abin maganar yana rataye a bangon gabas, allon kyamarori kuma yana dab da shi. Na tambaye ta yaushe aka saka lasifikar. Ta ce sati biyar ke nan, Alhaji ya sayo ta a Kano, mai shagon ya ce masa ba ta buƙatar wata wuta, a soka kebul ɗinta a akwatin kyamara kawai. Da hannunsa ya soka, yana ta murna bai kira kowa ba.

"Ran farko da kyamarar ta mutu fa?"

Ta juya takardar, ta ɗago ta dube ni. "Sati biyar, Baba."

*

Da azahar Malam Inuwa ya yi kira da bakinsa, tunda an kashe komai. Na yi jinkirin alwala da gangan har aka ta da kabbara, sannan na bi takalman da ke ƙofar masallaci da karana, Allah ya yafe mini raka'ar da na rasa. Yawanci silifa ne da takalman roba. Sau-ciki uku na samu. Biyu bayansu a tsaye. Na ukun baƙi ne, an goge shi yana ƙyalli, bayansa a kwance kamar an bi shi da dutsen guga. Karan ya zauna a kansa daidai tsaga.

Da aka sallame na zauna ina lazimi ina kallon wanda zai saka shi. Ya zo ya zura ƙafa, ya sunkuya ya ɗaga bayan da ɗan yatsa, ya wuce.

Na ja Malam Inuwa gefe. Dattijo ne, kunnensa ya fara nauyi, sai na ɗaga murya.

"Malam, in kana kira a ofis, me kake gani a gabanka?"

"Allon nan mana. Ina yin kabbarar farko gida ɗaya a cikin hotunan ke yin baƙi ƙirin, sai bayan na gama da ɗan jimawa ya dawo."

"Ikon Allah! Ka faɗa wa wani?"

"Tun satin farko na faɗa."

"Jiya da ake ta rigima me ya hana ka magana?"

"Wa ya tambaye ni? An ce daga waya ake kashewa. Ni me na sani a waya?"

Ya gaya mini wanda ya faɗa wa. Sunan da takalmin duk na mutum ɗaya ne.

*

Ƙarfe uku na ce wa Alhaji ya tara mini mutane a ofis, ya sa a mayar da wuta, a fito da Da'u. Ya yi gardama, na ce masa la'asar ya ba ni, kuma ba ta yi ba tukuna. Aka shigo da Da'u tsakanin 'yan sintiri biyu, wayarsa tana aljihun Alhaji. Ga Kabo, ga Wasila, ga Malam Inuwa, ga Abdulhakeem ma'ajin sito, ɗan gayu mai agogo, ya harɗe hannu a bakin ƙofa. Manoma suka yi cincirindo a taga.

Allon ya kawo, gida biyar duk da hoto.

"Yanzu lokacin salla ne?" na tambaya.

Aka ce a'a.

"To yau kowa ya zauna, ba mai tashi. Malam Inuwa, yi mana sanarwa da ƙarfi, ka ce manoma su ƙara haƙuri."

Ya kama abin magana ya yi sallama, muryarsa ta karaɗe harabar. Kafin ya kai ƙarshen sallamar, gidan da ke nuna lungu ya yi baƙi. Wani a taga ya yi salati. Malam Inuwa ya yi shiru, muka jira, can sai hoton ya dawo. Na ce ya sake. Ta sake mutuwa.

Da'u ya zura wa akwatin ido. "Wa ya soka kebul a rami na ɗaya? Ni a buɗe na bar shi."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Lasifika ce. Ni na saka."

"Alhaji, a ba ni kwamfuta," in ji Da'u.

Wannan karon ba wanda ya hana. Ya zauna, yatsunsa suka yi ta gudu, ya buɗe wani shafi mai layi takwas, ya juyo da shi.

"Akwatin nan wat sittin da biyar yake iya bayarwa, ba ya wucewa. Kyamarori biyar da na'urar intanet suna cin hamsin da 'yan kai. Lasifika in tana shiru kusan ba ta cin komai, amma da an yi magana sai ta nemi ashirin. Wuta ta gaza ke nan. In ta gaza, akwatin ba ya kashe kowa da kowa, guda yake zaɓa ya yanke. In ba a gaya masa wanda ya fi muhimmanci ba, ramin ƙarshe yake yankewa. Kyamarar baya tana rami na takwas." Ya ɗan tsaya. "Nan ne kuskurena. Na ga wuta ta wadata, ban tsara masa fifiko ba."

"To ba ɓarawo ke kashe ta ba?" in ji Alhaji, murya ta yi sanyi.

"Ɓarawo bai kashe komai ba," na ce. "Labari ya samu, ya riƙe abinsa. Duk cikinku ba mai ganin allon nan lokacin kira, kowa ya tafi buta. Mutum ɗaya ke fuskantarsa. Malam Inuwa, wa ka faɗa wa?"

"Abdulhakeem. Ya ce zai kira Da'u ya gyara."

Abdulhakeem ya yi dariya. "Mantawa na yi. Mantuwa laifi ce? Tsoho, ka zo ne kawai ka wanke ɗanka."

"Shi na zo yi, ban ɓoye ba. Ciro takalminka na dama."

"A kan me?"

"Ciro," in ji Alhaji.

Muka ɗunguma lungu. Na hana kowa wuce bakin ƙofa, na tsuguna na ɗora takalmin a cikin sawun da ya nutse. Ya zauna kamar an zuba shi a ciki. Na kwantar da bayansa da babban yatsa, ya kwanta ba gardama, na nuna musu inda dunduniya ta ja ƙasa.

Kabo ya tafa hannu. "Wallahi shi ya sa! Kullum sai a raka'a ta uku yake shigowa yana haki, mu ce aikin sito ne ya riƙe shi."

Abdulhakeem ya tsaya da ƙafa ɗaya a safa, ya dubi katanga, ya dubi 'yan sintiri, sai ya zauna a ƙasa. Bai kai la'asar ba ya faɗi gidan da irin yake, a hanyar Gaya, yawancinsa ko kwance bakin buhun ba a yi ba.

*

Bayan salla harabar ta watse, kowa ya bi motar da ta tafi ɗauko iri. Alhaji ya ba Da'u haƙuri har sau uku, ya miƙa masa wayarsa da hannu biyu. Aka bar mu mu biyu a ofis.

Na zauna a bayansa ina kallo yana aiki. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kyamarar baya ya sa ta a kan gaba, ya ƙayyade wa lasifika abin da za ta ci, ya rubuta wa Alhaji cewa a saya mata abin wutarta daban. Hannunsa bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Na ji alfahari ya cika mini ƙirji, na ji kunyar maganar da na yi masa shekara uku da suka wuce. Na shirya abin da zan ce: akwai ɗanyar kuɓewa a bayan gida, ya zo mu kwana Kademi, gobe ya dawo.

"Yadda ka kama zancen Juma'ar nan, Baba," ya ce bai juyo ba, "ni kaina da sai na daɗe ban lura ba."

Rabon da in ji ya yaba mini tun yana yaro. Na buɗe baki ke nan sai ya ce bari ya tabbatar kowace kyamara tana ajiye hoto. Ya taɓa ta barandar ɗakin garma.

Ashe akwai abin da ni da Alhaji ba mu sani ba. Wannan guda ɗaya tsohuwa ce, tun kafin a kawo akwatin take, da batirinta da katinta. Da aka zare wuta ita ba ta mutu ba.

Hoton safiyar yau ya fito. Ga ƙofar a kulle, ga takalman Da'u a waje inda 'yan sintiri suka sa ya cire. Ga wani tsoho da sanda ya zo, ya waiga dama, ya waiga hagu. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya tsuguna ya ɗauki takalmin, ya juya ƙasansa, ya auna da tafin hannu, ya kankare ƙasar da ke jiki da farce ya shinshina. Ya daɗe yana yi. Sannan ya ajiye su yadda ya same su, ya miƙe ya yi sallama.

Ban faɗa muku wannan ba da farko, don ban so ku sani ba.

Da'u ya kalla har ƙarshe.

"Lokacin ko lungun ba ka je ba, Baba."

"Ban je ba."

"Ba ka ma ga sawun da za ka gwada da shi ba."

"Sana'a ce, Da'u. Kowa ake dubawa."

"Na Kabo ka duba kafin ka gaishe shi? Na Alhaji fa?"

Ƙarya ba ta zo mini ba, gaskiyar kuma ya riga ya gan ta da idonsa. Tun daga Kademi har Ajingi, a bayan babur, ina ta roƙon Allah ya sa ba shi ba ne, kuma mutum ba ya irin wannan roƙo sai in yana zaton shi ne.

Ya rufe kwamfutar a hankali, ya naɗe kebul ɗinsa ya sa a jaka. Ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ake yi wa kowane dattijo.

"Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Bari in samo maka mai babur, kada magariba ta same ka a hanya."

Ya samo mini mai kirki, ya riƙe mini sanda har na hau, ya ce wa yaron ya bi da ni a hankali wajen gada. Da muka kai kwanar tasha na waiwaya. Ya riga ya juya, jakarsa a kafaɗa, yana tafiya shagonsa.